Yadda Ake Ceto Bakin Dogon Gashi Daga Bushewa a Yanayin Sakkwato

Sau da yawa mace za ta ce miki gashinta ya shekara biyu bai ƙaru ba. Amma ki duba kitsonta bayan sati uku, za ki tarar ya tashi, sabon tsiro ya ɗago shi daga fatar kai. To in yana tsirowa, ina tsawon yake tafiya? A baki yake karyewa. Gashin kai yana ƙara kusan santimita 1 a wata, namu mai nannaɗewa ma yakan ɗan gaza haka. In bakin yana gutsurewa daidai wannan gwargwado, tsawon zai tsaya cik, ko da kwalba nawa ta man tsiro aka juye wa tushe.

Ki yi lissafi. Gashin da ya kai santimita 30 in an miƙe shi, bakinsa ya kusa shekara uku a kanki. Ya ga hunturu uku da bazara uku, ya sha tsifa da taza da gugar ɗankwali. Silin gashi kuwa ba shi da rai da zarar ya fito daga fata, abin da ya same shi ya same shi, ba ya warkewa. A jikin kowane sili akwai siririn ɓawo mai hawa-hawa da ke riƙe danshi a ciki. Kusa da tushe ɓawon cikakke ne, a baki kuwa ya zaizaye, wani wurin ma babu shi. Sannan maiƙon da fatar kai ke fitarwa, wanda ke gangarowa cikin sauƙi a miƙaƙƙen gashi irin na Indiyawa, a namu lanƙwasa ce ke tare shi, ba ya isa baki.

Ga kuma garin da muke. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ke busowa daga Sahara, danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Daga Maris zuwa Mayu zafi ya haura digiri 40. Yawancin masu koyar da gyaran gashi a YouTube da TikTok a Legas suke, ko Landan, ko Amurka, inda iska ke da laima. Abin da ya ishe su sau ɗaya a mako, mu nan sai an ninka shi.

Ki fara gane abin da ke damun bakin

Bushewa daban, tsagewa daban, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ranar tsifa ki shimfiɗa farin ƙyalle a cinya. Dogon sili mai ɗan farin ɗigo a gindinsa zubewa ce ta al'ada, kowa na zubar da 50 zuwa 100 a rana, kada ya tayar miki da hankali. Gajerun gutsattsari marasa ɗigo su ne karyewa, su ne abin dubawa.

Daga nan ki ware ɗan tsagi, ki je bakin taga inda haske yake, ki kalli ƙarshensa. In kin ga sili ya rabu biyu ko uku, ko akwai farin tabo inda ya lanƙwashe, ko ɗan ƙulli da silin ya ɗaure kansa da kansa, wannan ya wuce mai. In kuwa kaushi kawai kika ji, ki jiƙa shi, ki shafa kwandishana, ki jira minti goma. Wanda ya yi laushi ƙishirwa ce ke damunsa, zai gyaru. Wanda ya ci gaba da kama yatsa, ya sirance har kina hango haske ta cikinsa, almakashi yake jira.

Akwai wanda yaudara ne: bakin da ya yi tauri saboda tarin basilin da ƙura. A taɓa shi a ji maiƙo, amma cikinsa ƙamas. Wannan wanki yake buƙata kafin a yanke masa hukunci.

Tsifa

Babban kaso na ɓarnar da ake yi wa dogon gashi a nan ake yinta, don ana tsifa a gajiye, da dare, ana sauri. In ba ki da lokaci, gara kitson ya ƙara kwana.

Kada ki tsefe a bushe. Ki fesa wa jelar kitson ruwa kaɗan, ki murza mata man zaitun ko ruwan karkashi, sannan ki fara kwancewa daga can ƙarshe, da yatsa in zai yiwu. Tsinken tsifa a saƙar kitso ake sa shi, ba a ja shi ya ratsa baki da ƙarfi. Kowane kitso kika kwance, ki warware shi nan take kafin ki wuce na gaba, ki zare matattun silin da suka taru a gindinsa. Kitson da ya yi sati huɗu yana riƙe da silin da suka zube fiye da 1,000. In ruwa ya same su ba a cire ba, za su dunƙule da masu rai, sai a wayi gari ana yanke ƙulli.

Mataji mai manyan haƙora kaɗai zai taɓa kan, shi ma bayan yatsu sun gama aikinsu. Ki riƙe tsagin a tsakiya da hannu ɗaya, ki taje baki, ki ɗan matsa sama, ki sake, har ki iso tushe. Wadda ta dasa mataji a tushe ta ja ƙasa, duk cukurkuɗewar ta tara ta a baki, wurin da ya fi kowane rauni. Kina gamawa ki raba kan gida huɗu ko shida, ki yi wa kowane gida kalaba sakwa-sakwa. A haka za a yi wanki.

Mai kafin wanki

Gashi yana kumbura in ya sha ruwa, ya tsuke in ya bushe, kuma tsohon baki ba ya jure wannan kai-komo. Man kwakwa na cikin 'yan mayukan da ke shiga cikin sili maimakon su tsaya a bayansa. Wani bincike da aka wallafa a 2003 ya gwada shi da man sanfulawa da farin man ma'adini irin na jarirai, aka ga shi kaɗai ya rage zubar furotin daga gashi. Ki shafa shi a rabin gashin na ƙasa, ki bar shi daga minti 30 zuwa kwana guda. Da sanyin hunturu zai daskare a kwalba, don yana ƙanƙara in yanayi ya sauka ƙasa da digiri 24, sai ki murza shi a tafin hannu. Wasu kawunan ba sa shiri da shi, yana sa musu tauri. In naki haka yake, man zaitun ko man riɗi ya wadatar.

Wanki, da maganar ruwanmu

Fatar kai ake wankewa. Ki zuba shamfu a yatsu, ki cuɗa fatar tsakanin kalabar da tsokar yatsa, ba da farce ba. Kumfar da ke gangarowa lokacin ɗauraya ta ishi baki. Tattara gashi a tsakiyar kai ana cuɗa shi gaba ɗaya shi ne ke haifar da ƙulle-ƙulle. Ruwa ya zama mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba.

Garin sabulun wanki, sabulun wankin kaya da kanwa, duk a nisanta su da kai. Gashi da fatar kai sun fi zama lafiya a ɗan tsami-tsami, wajen 4.5 zuwa 5.5 a ma'aunin tsami, sabulu kuwa yana kaiwa 9 zuwa 10, wato ya bar tsami ya koma ɓangaren kanwa, kuma hakan ke buɗe ɓawon nan ya bar shi a tsaye. Har sabulun salo, duk da farin jininsa, sabulu ne. In shi kike so, ki narkar da kaɗan a ruwa mai yawa, kuma kada ki tsallake kwandishana bayansa.

Ni dai a wurina babu abin da ya kai karkashi a wannan aiki, kuma kakanninmu sun riga mu sani. Abin dariya, ganyen da 'yan ƙasar waje ke saye da tsada a intanet daga Chadi, shi ne wannan da ake auna mana a gwangwani a Tsohuwar Kasuwa. Ki ɗebi tafi guda na busasshen ganye, ki zuba a ruwan ɗumi kamar kofi huɗu, ki bar shi minti 15 har ya saki yauƙi, ki tace da siririn ƙyalle don kada ɓurɓushi ya maƙale. Kada ki sa kanwa, ba miya ba ce. Ki zuba a kowane gida, ki bi da yatsu, za ki ji ƙulli na sakin kansa. Garin ganyen magarya ma yana wanke kai ba tare da ya ƙone shi ba, sai dai ba shi da santsin karkashi. Amma dukansu ba sa iya ɗauke tarin man kaɗe da basilin, don haka ko da su kike amfani, ki sa shamfu aƙalla sau ɗaya a wata.

Wanki sau ɗaya a kwana 7 zuwa 14 ya yi daidai. Masu cewa a bar kai wata biyu babu ruwa don kada ya bushe sun juya maganar, ruwan shi ne abin da bakin ke nema.

Sai maganar ruwan da ake wankin da shi. Ƙasar yankin nan tana da dutsen farar ƙasa, saboda shi ma aka kafa masana'antar siminti a Kalambaina, kuma rijiya ko bohol da ya ratsa irin wannan dutse ruwansa kan ɗauko sinadarin kalsiyam. Alamarsa: sabulu ba ya kumfa da kyau, kuma farin abu na daskarewa a gindin tukunyar dafa ruwa. Wannan farin abin yana zama a gashi ma, ya sa shi kaushi. In ruwan gidanku ko na mai garuwarku haka yake, ki zuba babban cokali 1 na khal ɗin tuffa a kofi 2 na ruwa, ki yi ɗaurayar ƙarshe da shi sau ɗaya ko biyu a wata. Lemun tsami kaɗan ma yana yi. Da damina ki tari ruwan sama, bayan na farko ya wanke rufi. In babu, leda biyu ta fiya wata ta isa ɗaurayar ƙarshe.

Sitimin

Bayan wanki, ki kwance gida ɗaya, ki matse ruwan, ki shafa kwandishana mai kauri daga baki zuwa sama. Baki ya fi samun kaso, tushe ba ya buƙatar mai yawa. Ki mayar da kalabar, ki wuce na gaba. Ki rufe kan da leda ko hular wanka, ki naɗa tawul a sama, minti 20 zuwa 30. Ba sai an je shagon gyaran gashi an shiga ƙarƙashin na'ura ba, ɗumin kanki ya isa, balle a bazarar Sakkwato. Kwana da shi kuma ba ya ƙara komai sai jiƙa gashi fiye da ƙima.

Ki iya ƙara wa kwandishanan ƙaramin cokali na zuma da babban cokali na man zaitun. Haɗe-haɗen kicin da ake yawo da su a WhatsApp kuwa, a yi hattara. Ƙwai yana dahuwa a kai in ruwa ya yi zafi, ayaba tana barin gutsattsarin da sai an kwana ana tsinta. Man shanu yana sa laushi, wannan gaskiya ne, matan Fulani shaida ne, amma in za ki sa, ki sa shi kafin wanki ki wanke. Barinsa a ƙarƙashin hijabi a watan Afrilu, ke ma kin san abin da zai biyo baya.

Wajen tsanewa, tsohuwar riga mai laushi ta fi tawul. Ki matsa, kada ki goga.

Ruwa tukuna, sannan mai

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne mafi yawanmu muke kuskure. Mai ba danshi ba ne. Man kaɗe, basilin, man zurma, babu ɗigon ruwa a cikinsu. Aikinsu su rufe abin da suka tarar. In suka tarar da danshi, su tsare shi. In suka tarar da busasshen gashi, su rufe shi a bushe, ya yi ƙyalli a ido, ya ci gaba da karyewa.

Saboda haka tsarin shi ne: tun gashin na da laima, ba ya ɗiga amma bai bushe ba, ki shafa kwandishanan da ba a wankewa. Ki duba jikin robar, ruwa ya zama shi ne farkon abin da aka lissafa a kayan haɗinsa. Ki bi da 'yan ɗigon man zaitun. Sannan ki lakato man kaɗe kamar ƙwayar gyaɗa ga kowane gida, ki narkar da shi a tafin hannu, ki murza a santimita 5 zuwa 8 na ƙarshe. Ba a fatar kai ba. Fatar tana da nata maiƙon, toshe ta da kaɗe sai ya ƙara wa mai amosani ƙaiƙayi.

Kaɗen da ke zuwa kasuwanninmu yawanci daga Neja, Kwara da Kebbi yake. Mai kyau yana narkewa da ɗumin hannu, ba ya warin tsufa. In kin ji tsakuwa-tsakuwa a ciki, ki sa shi a kwano, ki ɗora kwanon a ruwan zafi ya narke, ki tace. Don ya yi sauƙin shafawa, ki haɗa cokali 4 na kaɗe da cokali 1 ko 2 na man zaitun, ki buga shi sosai har ya yi fari ya tashi. Kada ruwa ko alobera su shiga wannan haɗin, zai yi fumfuna. Ki ajiye shi a inuwa.

Tsakanin wanki da wanki, kwalbar feshi ce abokiyarki. Ruwa mai tsabta da ɗan kwandishana, ki girgiza, ki fesa wa jelar kitso har ta yi laima, ba sharkaf ba, ki bi da kaɗe kaɗan. Ki haɗa wanda zai ƙare a kwana biyu ko uku, don a zafinmu ruwan haɗi yana saurin lalacewa. Da hunturu kullum da dare, ko aƙalla bayan kwana ɗaya. Da bazara sau uku a mako, kuma ki rage kaɗe ki koma mai marar nauyi saboda gumi. Da damina sau biyu ya isa.

Gilisarin, wani sinadari da ake sawa a mayukan gashi, yana jawo danshi daga inda yake da yawa. A watan Agusta daga iska zai jawo miki. A Janairu iskar ba ta da abin bayarwa, don haka man da gilisarin ya yi yawa a cikinsa yakan bar baki da ɗanko da kaushi. Ki ajiye shi sai damina.

Datsewa

Babu man da ke ɗinke silin da ya tsage, duk abin da aka rubuta a jikin kwalba. Wasu suna manne shi na ɗan lokaci, wanki ɗaya ya koma yadda yake. Tsagewa kamar bakin igiyar guga ce da ya fara warwarewa, in ba a datse ba sama take ci. Santimita 1 da kika ƙi rabuwa da shi yau, shi zai ja ki yanke fiye da haka nan gaba.

Na san da yawa ba sa son jin almakashi kusa da kansu, wata ma uwarta ce ko mijinta zai ce mace ba ta aski. Datsa baki ba aski ba ne. Ai ko a Hajji da Umra mace tana rage gwargwadon gaɓar yatsa.

Ki sayi almakashi mai kaifi, ki ɓoye shi, kada ya taɓa takarda ko yadi. Dakusasshen almakashi murƙushe sili yake yi, ya bar sabuwar tsagewa. Reza ma haka. Ƙona baki da wuta kuwa, kada ma a fara. Bayan wanki da shafa mai, ki yi wa kan ƙananan murɗe biyu-biyu, kamar 20 zuwa 30, ki bari ya bushe. Kowane murɗe zai nuna miki inda kaurinsa ya ƙare, inda ya koma 'yan siraran sili masu kaushi. Ki yanke rabin santimita sama da wurin. Bayan kai ki ba 'yar'uwa ko ƙawa mai haƙuri, ki nuna mata gwargwadon da yatsa kafin ta fara, don "kaɗan" na kowa daban ne.

In lalacewar ta yi nisa kuma zuciyarki ba za ta ɗauki yankewa lokaci ɗaya ba, ki rage santimita 1 zuwa 2 duk wata biyu har ki cim mata. In bakin ya daidaita, duba shi duk wata uku ko huɗu ya isa, kuma ba dole a yanke ba in babu abin yankewa.

Kitso da ɓoye jela

Bakin da ke a sake yana gugar wuyan riga, hijabi da filo, kuma iska na shansa. Bakin da ke a ɓoye yana hutawa. Shi ya sa shuku, ko kalabar da aka tattara aka cusa jelarta ciki, suka fi kitson da ke reto a baya. Ki naɗe jelar, ki tura ta ƙarƙashi, ki kama da ribom mai laushi. Robar ɗaurin kuɗi da ribom mai ƙarfe suna yanka gashi a daidai inda suka kama. Kitson zare yana miƙar da gashi babu wuta, yana kuma rage ƙulli, amma zaren ulu yana tsotse maiƙo, sai an ƙara kaɗe kafin a naɗa.

Ki je wurin makitsiya da kanki a taje, a shafe, da matajinki da manki. Yawancin makitsa ƙaramin mataji suke ja daga tushe don layi na jiransu. Ba faɗa za ki yi ba, musamman in babba ce. "Inna, dan Allah ki sassauta mani hannu, gashin ga karyewa shikai, na taje shi tun gida." Za ta ce, "Ɗiyata, kitson da bai ɗamru ba ai ba ya kwana biyu." Ki yi dariya, ki ce kin yarda ya tashi da wuri, za ki dawo. Kitson da ya hana ki runtsa ido ko ya fito miki da ƙuraje a goshi yana cinye gashin gaba, kuma in an daɗe ana yi, wurin ba ya sake tsirowa. Ki roƙe ta kuma kada ta kitse jela har silin ƙarshe da ƙarfi, ta murɗe santimita biyun ƙarshe kawai. Ƙananan kitso suna da kyau a ido, amma tsifarsu ke cin baki. Sati biyu zuwa huɗu ya ishi kitso, in ya daɗe shida.

Ɗankwalin atamfa, balle mai sitaci, da hular auduga ta ƙarƙashin hijabi suna shanye mai suna kuma gurzar gashi. Ki sa hular satin a ƙasa, ki ɗaura abin da kike so a sama. Yadi ɗaya na satin a kasuwa, tela zai fitar miki da hula biyu, ko rigar filo. Da ita za ki kwana.

Wankan tsarki

Matar aure tana jiƙa kai fiye da yadda masu koyar da gashi na waje ke zato, kuma ba sa maganarsa. Hadisin Ummu Salama da ke cikin Sahihu Muslim ya nuna mace ba sai ta kwance kitso ba don wankan janaba, kamfata uku ta ruwa a kai ta isa, kuma haka malamanmu na Malikiyya ke karantarwa muddin ruwa na ratsawa. Don haka ki zaɓi kitson da ruwa ke shiga cikinsa da sauƙi, wanda kuma ke saurin bushewa. Kitson da aka naɗe da zare mai yawa, ki tambayi malamarku hukuncinsa.

Wankan ba ya buƙatar shamfu. Bayansa ki matse jelar da riga, ki shafa mata ɗan kaɗe tun tana da laima, kin ga kin ribaci ruwan. Abin gudu shi ne rufe jiƙaƙƙen kai da hula da hijabi a wuni a haka, wari da ƙaiƙayi ke biyo baya. Ki ba shi iska a ɗaka, ko ki zauna gaban fanka, kafin ki rufe.

Lalle, chebe, turare da wuta

Lalle yana ƙara wa sili kauri da ƙarfi, amma yana barin tsohon baki da tauri. In za ki sa, ki shafe bakin da mai tukuna, ki yi sitimin bayan kin wanke, kuma ba kowane wata ba. Baƙin rini da ake haɗawa da lalle ya fi illa, yana ƙona fatar wasu.

Chebe, garin nan da matan Chadi ke shafa wa gashi, ba ya sa gashi saurin tsirowa. Abin da yake yi shi ne ya lulluɓe sili tare da mai, a kitse a bar shi, karyewa ta ragu. Wato aikin da muka bayyana ne a sama, da wani kayan. A jikin gashi ake shafa shi, ba a fatar kai ba, kuma wanke garinsa sai da haƙuri da karkashi.

Turara gashi a kan kasko a yi shi daga nesa, na ɗan lokaci, bayan an shafa mai. Turaren fesawa akwai sinadari mai busarwa a cikinsa, a fesa wa ɗankwali. Na'urar busar da gashi a sa ta a iska mai sanyi ko ɗumi-ɗumi. Ƙarfen miƙar da gashi a bar shi sai biki ko sallah, kada ya wuce digiri 180, wucewa ɗaya a kowane tsagi, kuma kada ya taɓa gashi mai laima, don ruwan cikin sili tafasa yake yi ya fasa shi. Mai jego kuma ta kare gashinta daga tafasasshen ruwan wanka, ta wanke shi daban da mai ɗumi.

In an yi duk wannan bai tsaya ba

Ki auna tsagi ɗaya da tef ɗin tela ranar da kika datse, ki rubuta, ki sake aunawa bayan wata uku. Laushi za ki ji shi tun wanki na biyu ko na uku, gutsattsarin kan farin ƙyalle su ragu a cikin wata guda, tsawo kuwa santimita 2 zuwa 3 ne abin sa rai a wata ukun.

In dogayen sili masu farin ɗigo ne ke fita da yawa, matsalar ba a baki take ba. Zubewar bayan haihuwa takan fara wata biyu zuwa huɗu da sauka, kuma yawanci tana lafawa kafin yaro ya shekara. Ƙarancin jini, wanda ya yi yawa a tsakanin mata masu haihuwa da masu zubar da jini sosai a al'ada, yana sa gashi zubewa, haka ma ciwon tayirod (wata gaɓa ce a gaban wuya) da zazzaɓi mai tsanani. In ana tare da kasala, jiri ko farin ido, a je a gwada jini. In kuwa wani fili ne ya buɗe a kai, ko tsakiyar kai na sirancewa da zafi ko ƙaiƙayi, ko makero ya kama yarinya, likitan fata za a nema, akwai su a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A je da wuri, kuma a tafi da mayukan da ake shafawa don likita ya gani.